Yadda Muka Kusa Binne Baba Dogo Yana Minshari

Tun da muka dawo daga ƙasar Jaba ban huta ba. A makaranta, a bakin famfo, har a layin niƙa, sai an tare ni: "Rahila, wai da gaske kun ta da matacce?" Wasu sun ce mutum biyu muka tayar. Wata a ajinmu ta rantse ta ji an ce ni ce na ɗora hannu. Bakina ya gaji. Ga shi na rubuta. Mai tambaya ya karanta, in ya gama ya miƙa wa na kusa da shi, kuma kada a shafa wa takardar manja.

Zan fara da laifina, don shi ya sa aka tafi da ni. Ina ajin baftisma a ikilisiyarmu a Kafanchan, kuma Lahadin da ke gaban Kirsimeti za a yi mana baftismar. Mamana ta riga ta ɗinka mini farar riga, ta aika wa kakata a Manchok ta shirya zuwa. Matsalata ɗaya ce: in aka karanta labarin al'ajibi, sai bakina ya fara ƙaiƙayi. Da Fasto ya koya mana labarin Yunusa a cikin kifi, na tambaya ko akwai taga. Da aka zo kan gurasa biyar da ta ƙosar da dubban mutane, na ce da mamana ce ta sami irinta, da duk masu gidan burodi a Kafanchan sun koma noma. Fasto ya yi ta haƙuri. Ranar da haƙurin ya ƙare, labarin 'yar Yayirus ake yi, yarinyar nan da ta mutu, gida ya cika da masu kuka, Yesu ya zo ya ce barci take, suka yi masa dariya.

Na ce, "Fasto, ni dai ban ga laifin mutanen nan ba. Ka shigo gidan mutuwa ka ce barci ake yi? Da ina wurin, da na fi su dariya."

Kuma na nuna masa yadda da zan yi. Kun san dariyata. Har mai sharar majami'a sai da ta leƙo.

Fasto bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya buɗe littafin sunaye, ya ja layi a kan nawa.

"Da fensir na ja," in ji shi. "Zumuntar matasa za su taro a Jaba, suna da wasan kwaikwayo a kan wannan labarin, kuma ba su da shugabar masu dariya. Ki bi su. In kun dawo, Anti Kande za ta gaya mini yadda kika yi, ke ma ki zo ki gaya mini naki. Sa'an nan in ga ko zan goge, ko zan bi da biro."

Mamana ba ta doke ni ba. Ta ninke farar rigar, ta sa a can ƙasan akwati, ta ce, "Sai ki nemo abin da za ki gaya wa kakarki." Na gwammace duka.

Ranar Juma'a da safe muka tashi. Motar ikilisiya ta ƙi tashi, kamar yadda ta saba duk ranar da ake bukatarta, sai muka tafi tasha muka shiga ta haya. Mu tara ne, ban da Anti Kande, malamar firamare ce, ita ce mai koya mana wasan, kuma ko da tana murmushi sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba. Bitrus ne Yesu. An zaɓe shi don ya fi kowa tsawo kuma ba ya surutu. Godiya, ƙawata, ita ce yarinyar da ta mutu, don ta iya kwanciya ba motsi, shekara uku tana koyon haka a ajin lissafi.

Motar ta mutum goma sha huɗu ce, direba ya zuba mu mu ashirin, ya ce akwai sauran wuri. Wurin nan da ya ce, cinyata ce. A kanta aka ɗora rabin wata mata mai suna Mama Asabe, 'yar ƙauyen da za mu ce, ta zo Kafanchan sayayya. Ɗaya rabin nata yana kan jarkar manja. Ku riƙe sunanta.

Tsakaninmu da Jaba babu fasfo, amma akwai shingen sojoji. Wani soja ya leƙo, ya ga tabarmarmu a naɗe da farin ƙyalle a bayan mota, ya ce, "Mene ne wancan?"

Anti Kande ta buɗe baki za ta amsa, amma nawa ya riga nata.

"Gawa ce, oga. Amma barci take."

Sojan bai yi dariya ba. Ya ce kowa ya sauko. Aka sauke buhu, aka sauke jarka, aka sauke Mama Asabe. Ya warware tabarmar a bakin titi, ya sami zanen gado biyu da gemun Bitrus, na gashin kanti ne da ake mannawa da gam. Ya ɗaga gemun da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ya ce na wane ne. Bitrus ya ɗaga hannu. Ya sa shi ya manna, ya tsaya a rana, ya yi masa bayanin labarin tun daga farko. Kusan awa ɗaya muka yi a wurin.

Da muka koma mota ba mai yi mini magana. Mama Asabe ta sake zama a kaina, wannan karon da gangan ta saki dukan nauyinta.

"Ke yarinya," ta ce, "ko sunanki kika gaya mini, sai na tambayi wani."

Anti Kande ta juyo daga gaba. "Ɗaya ke nan, Rahila."

Ba sai an gaya maka ka shiga Jaba ba, hanci ne zai gaya maka. Lokacin haƙar citta ne. An tsaga ta an baza a kan duwatsu, a kan tamfol, a ƙofar gidaje, a filin makaranta. Mutanen nan citta suke sa wa kunu, su sa wa shayi, su sa wa miya, in ka ce kanka na ciwo su ba ka citta, in ka ce cittar ce ta sa maka ciwon su ƙara maka. Na tabbata in aka matse jaririn Jaba, ruwan citta ne zai fito. A Kwoi muka sauka muka hau mashin, uku uku, zuwa ƙauyen. Mai mashin ɗinmu ya gai da kowane mutum a hanya da yarensu, kuma da hannu biyu yake gaisuwar. Mu a Kafanchan "ya gida" ce kawai, ka amsa kana tafiya. A can sai an tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya, a tambayi gona, a dawo a sake tambayar mutanen gida ko wani abu ya same su tun da aka fara.

An rarraba baƙin taro gida gida. Mu 'yan matan wasa aka kai mu gidan Baba Dogo, dattijon ikilisiya ne. Kunnensa ya yi nauyi ƙwarai. Na durƙusa na ce, "Sannu, Baba, mun same ku lafiya?" Ya ce, "Cittar ta yi kyau bana, sai dai farashi." Matarsa, Mama Ladi, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai sauri, ba ta iya tafiya sai da ɗan gudu. Ta zuba mana gwaten acca da yakuwa, ta tsaya a kanmu sai da muka cinye, tana kiranmu 'ya'yana. Ta ga ina cin nawa a gefe, ba mai kula ni, ta ƙara mini ludayi guda ba ta tambayi dalili ba.

Ita ce ta gaya mana Baba ya sha jinya da damina, har an kwantar da shi a asibiti a Kafanchan, duk ƙauye sun cire rai.

"Amma Ubangiji ya dawo mini da shi," ta ce. "Yau ma ya je gona. Tari ne kawai ya rage. Ya sha magani zai kwanta. Ku yi wasanku, ko ganga kuka buga ba zai ji ba."

Ta ɗauki babban ludayinta ta tafi majami'a, ita ce shugabar masu dafa wa baƙi abinci. Anti Kande ma ta bi ta don ta rubuta sunayenmu a wurin masu shirya taro. Ta ce samari su zo gidan mu gwada wasan sau ɗaya kafin ta dawo.

Wajen ƙarfe uku na rana ne. Samari suka zo. Bitrus ya yafa zanen gado, ya manna gemu. Godiya ta ƙi kwanciya a ƙasa saboda tururuwa, ta ce za ta taya masu kuka. Ana bukatar ƙofa da za ta zama ɗakin yarinyar, kuma ƙofa ɗaya ce a rufe a gidan, ta Baba Dogo. Sai suka taru a gabanta suka fara.

Ku san ba kukan wasa muka koya ba. A wurin iyayenmu mata muka koya, a gidajen jana'iza, tun muna goye. Hannu a ka, a buga ƙafa, a ja murya sama a sake ta. Mutum bakwai suna wannan, sai ka rantse an yi hatsarin mota.

Ni ba ni da aiki sai Yesu ya shigo, sai na zaga bayan ɗakin, don na ji wata ƙara kamar injin niƙa da dutse ya shiga. Tagar katako ce a ɗan buɗe. Na leƙa. Baba Dogo ne a kan gado, baki a buɗe, tafin ƙafarsa yana fuskantar taga, yana minshari. Minsharin nan kashi uku ne: ya ja, ya tsaya kamar yana tunani, sa'an nan ya saki da fito. Na tsaya ina koyo, don na san zai yi mini amfani a makaranta.

Da na dawo tsakar gida, sai na tarar da baƙin fuskoki. Mama Asabe ce a gaba, ashe katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Baba Dogo. Hannu a ka, ɗankwali ya faɗi, tana cewa Baba ya tafi, Baba ya tafi, dama ta san ciwon nan bai sake shi ba. Mata biyar a bayanta, wasu suna shigowa.

Ga yadda abin ya faru, don sai daga baya na gane. Maƙwabta sun ji kuka a gidan mai jinya, sun zo sun ga baƙi a ƙofar ɗakinsa suna kururuwa, suka ce to, yaran nan sun gani. 'Yan wasanmu kuma suka ga mutanen gari sun shigo suna cewa Baba ya rasu, suka ce to, masu gari sun sani. Kunya ta kama su, wai suna wasa a ƙofar gawa, ba wanda ya iya cewa wasa ne. Sai suka ci gaba da kukan, yanzu na gaske. Kowane ɓangare ya ɗauki ɗaya a matsayin shaida. Babu mutum ɗaya da ya ga kome.

Za ku ce me ya sa ba a buɗe ƙofa ba. Ni ma na tambaya. Wai a wurinsu ba a shiga ɗakin dattijo da ya rasu sai babban ɗan'uwansa ya zo ya fara shiga, kuma ɗan'uwan yana wata gona mai nisa, an tura mashin. A Kafanchan da tuni mutum goma sun shiga, uku suna ɗauka da waya.

Na shiga tsakiya na ce, "Ku yi haƙuri. Baba bai mutu ba. Barci yake."

Sai da na faɗa sau uku kafin a ji. Kukan ya tsaya. Mama Asabe ta sauke hannu daga kai, ta dube ni daga sama har ƙasa. Sa'an nan ta yi dariya. Gajeruwa ce, ta hanci take fitowa, ta tafa hannu sau ɗaya, ta juya wajen sauran don su taya ta. Suka taya ta. Hawaye yana fuskarsu bai bushe ba, suna dariya.

"Barci," ta ce. "Kun ji likita daga Kafanchan."

"Mama, yanzu na leƙa ta taga. Minshari yake."

"Ita ce wadda na ba ku labari. Ita ta ce wa soja gawa na barci a mota. Kome a wurinta barci yake."

"To ku yi shiru minti ɗaya, za ku ji da kunnenku."

"Mu yi shiru a gidan mutuwa don ke? Wa ya haife ki?"

Wani mutum a baya ya ce yaran birni ba su da tarbiyya. Wata ta ce ko a coci aka haifi wasu, ba ya shiga jikinsu. Aka sake dariyar, sa'an nan aka koma kuka kamar an murɗa famfo. Na juya wajen namu. Godiya ta riƙe hannuna, idonta jawur.

"Rahila, don Allah, ba yanzu ba. Ki tuna fensir."

Ita ma ba ta yarda ba. Shekara goma muna tare.

Sai muka ji ƙararrawar majami'a, ɗaya ɗaya, irin bugun da ake yi wa mutuwa. Samarin gari suka wuce da diga da shebur. Ba a jima ba sai ga Mama Ladi da gudu, ludayin yana hannunta, Anti Kande tana binta. Na zaci za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Mutane suka buɗe mata hanya, ta je ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar, ta ɗora tafin hannu a jikin katakon. Ta yi magana a hankali da yarensu. Sa'an nan da Hausa ta ce, "Ka ce mini ka warke."



Na je wajen Anti Kande na fara, "Anti, Baba fa..." Mama Asabe ta riga ta kai mata ƙarata. Anti ta kama kafaɗata, ta sunkuyo.

"Biyu ke nan. Kalma ɗaya kuma, ni da kaina zan kai wa Fasto biro."

Na tsaya ina lissafi. In na yi shiru, ɗan'uwan zai iso, ko nan da awa ɗaya ko biyu, a buɗe ƙofa, kowa ya gani, ni kuma in tsira da fensirina. Amma awa ɗaya ko biyun nan, Mama Ladi za ta yi su a ƙasa a matsayin gwauruwa. Matar da ta ƙara mini gwate.

Na fara gwada Bitrus. Yana rakuɓe a jikin rumbu, cikin zanen gado, gemu ya karkace.

"Bitrus, ka buɗe ƙofar nan. Kai ne Yesu."

"Ni ɗan mai walda ne," ya ce. "Ki bar ni."

Sai na zare karan dawa mai tsawo daga dangar gidan, na zaga baya. Na zura shi ta taga, na sosa tafin ƙafar dattijon ikilisiya. Bai motsa ba. Na ƙara. Minsharin ya tsaya a wurin da yake tsayawa yana tunani, kuma a daidai nan, na rantse muku, sai da na ce kada dai yanzu ne ya tafi da gaske. Na tsokane shi da ƙarfi. Ya yi shuri ya ce, "Ladi, bar ni mana."

Na koma gaba a guje, na isa daidai lokacin da sakata ta yi ƙara daga ciki. Ƙofa ta buɗe. Baba Dogo ya fito da singileti da zane a ƙugu, yana mutsuke ido. Ya dubi mutanen da suka cika gidansa har waje, ya ce, "Wa ya mutu?"

Ban san tsofaffi suna da gudu haka ba. Mutumin da ya ce ba mu da tarbiyya ta kan danga ya fita. Mama Asabe ta bi ta kan cittar da aka shanya, santsi ya kwashe ta, ta tashi ta ci gaba ba ta waiwaya ba. Godiya ta suma, karo na farko da ta yi aikinta da kyau. Mama Ladi ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta miƙe, ta taɓa fuskarsa, ta taɓa ƙirjinsa. Sa'an nan ta ɗaga ludayi ta buga masa a kafaɗa, ta faɗa jikinsa ta fashe da kuka. Shi kuwa ya ga ludayi, sai ya ce, "Abinci ya nuna ne?"

Kuna tsammani daga nan aka zo aka ba ni haƙuri? Ku saurara.

Kafin rana ta faɗi, labarin ya canja. Wai Baba ya mutu da gaske, addu'ar yaran Kafanchan ce ta tashe shi. Wai an ga wani dogo cikin fararen kaya a jikin rumbu. Wa ke gaba wajen yaɗa wannan? Mama Asabe. Na same ta a bakin majami'a, mata sun kewaye ta, tana cewa ita ce ta fara ganin al'ajibin.

Na ce, "Mama, ba mutuwa ya yi ba fa. Barci yake, ni na tashe shi da kara."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Dariyar nan ta hanci, tafi ɗaya, ta juya wajen sauran.

"Kun ji ta? Ubangiji ya yi aiki a gaban idonta, tana cewa barci. Marar bangaskiya."

Sau biyu a yini ɗaya aka yi mini dariya a kan magana ɗaya. Da farko don sun tabbata ya mutu, na biyu don sun tabbata ya tashi. Kuma a duka biyun ba wanda ya leƙa ɗakin. Washegari da safe Baba Dogo da kansa ya tsaya a gaban taro ya ce, "Ban mutu ba, maganin tari na sha." Wasu suka girgiza kai da tausayi, suka ce ai wanda ya je can ba ya tunawa.

Da rana aka yi gasar wasan kwaikwayo tsakanin ikilisiyoyin da suka zo taron. Da aka zo wurina, Bitrus ya shigo ya ce yarinya barci take, sai na ji dariyata ta gida ta ƙi fitowa. Na neme ta, babu. Ta Mama Asabe ce ta zo. Na dubi Bitrus daga sama har ƙasa, na sake ta ta hanci, na tafa sau ɗaya, na juya wajen masu kuka don su taya ni. Majami'a ta yi tsit. Sa'an nan wani ya gane, sai gaba ɗaya aka juya ana neman mai ita. Tana layi na biyu, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Ni ma ban ji daɗinta a bakina ba. Da na ji yadda take daga ciki, sai na ga ba ta da wani bambanci da wadda na yi wa Fasto, tawa dai ta fi tsawo.

Na biyu muka zo. 'Yan Kachia ne suka ci, don sun yi labarin aljanun da suka shiga aladu, kuma sun kawo ɗan alade na gaske. Ya kuɓuce ya shiga ƙarƙashin teburin alƙalai. In wannan ne wasan kwaikwayo, to, aladen ya kamata a ba kyautar.

Ranar Lahadi da za mu tafi, Mama Ladi ta ƙulla mini citta a leda, ta matse hannuna. Baba Dogo ya kira 'ya'yan 'yan'uwansa ya nuna ni, ya ce da ƙarfi irin na marasa ji, "In na mutu na gaske, kada a taɓa ƙararrawa sai an kira wannan daga Kafanchan ta leƙa taga."

Ranar Talata na je wurin Fasto. Anti Kande ta riga ni. Littafin yana buɗe a gabansa, ga fensir, ga biro.

"Anti ta ce kin sa soja ya sauke mota, kin tsokani dattijon ikilisiya da kara ta taga, kuma ke kaɗai kika faɗi gaskiya. Ban san a wane layi zan rubuta wannan ba. Gaya mini naki."

Na ce, "Fasto, na ce ban ga laifin mutanen gidan Yayirus ba. Yanzu na gani. Na sadu da su. Ba abin da suka sani ya sa su dariya ba, ba su so a katse musu abin da suka riga suka yanke ne. Kuma na tabbata da yarinyar ta fito tana tafiya, wasunsu cewa suka yi ai dama sun sani."

"Ke kuma fa?"

"Ni ma a tsakar gida nake tsaye ina dariya, ban shiga ɗaki ba."

Ya ce, "To yanzu duk kin gaskata?"

Na so in ce i, in huta. Amma na tuna abin da aka yi wa tafin ƙafar Baba Dogo saboda gaskiya.

"Na gaskata ya ta da yarinyar. Amma maganar Yunusa da kifin nan, har yanzu ina da tambayoyi wajen shida."

"Ki kawo su ranar Asabar, ɗaya ɗaya. Tambaya tana da kujera a ajina." Ya buɗe aljihun tebur, ya lalubo ɗan guntun abin goge fensir, ya turo mini littafin. "Ke kika jawo layin. Goge."

Na goge. Fasto yana danna fensir da ƙarfi, saboda haka in ka karkata takardar wajen haske, har yanzu ana ganin inda ya bi. Mamana ta ciro rigar daga akwati, an yi mata guga. Kakata ta aiko cewa za ta iso ranar Asabar, kuma ta ji wai jikarta tana ta da matattu, in shirya, akwai wata akuyarta da ba ta da lafiya.